Idrisa Mai Fito a Bakin Teku

A ƙauyenmu, cikin karkarar Gangara, idan damina ta yi nisa gulbi ya kawo, mutum ɗaya ake jira ya ce a shiga ko kada a shiga, shi ne Idrisa mai fito. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma sakatare ne a buron magajin gari, inda nake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Tafiyar da ya yi da matarsa Asiya zuwa bakin teku, wadda saura kaɗan ta zama ajalinta, ban gan ta da idona ba. Na ji ta daga bakin waɗanda suka je, shi da Asiya da ɗansu Nasiru, kowa na zauna da shi daban, kuma inda maganarsu ta saɓa zan nuna. Shirin tafiyar kuwa a gabana aka yi shi, mafi yawansa a ƙofar gidana.

Kakan Idrisa daga ƙasar Katsina ya zo, ya zauna kusa da gulbi saboda fadama. Fito gadonsu ne. Gulbinmu yawancin shekara yashi ne kawai, amalanke na ratsa shi, yara na ƙwallo a cikinsa. Amma idan aka yi ruwa mai ƙarfi can sama, cikin yini guda sai ya cika ya raba mu da hanyar Gazawa. A lokacin ne Idrisa yake fitowa da manyan gorunansa, ya ƙetare da mata da awaki da buhunan aya, har babur yakan ɗora a kan jarkoki ya tura. Mahaifinsa, Malam Abdulrahaman, ya koya masa yadda ake karanta ruwa. Ka dubi sama ta wajen da gulbin yake fitowa. Ka dubi launin ruwan da irin sharar da ya ɗauko. Sannan ka kafa kara daidai inda ruwan ya tsaya, ka koma gefe ka jira. In ruwa ya haura karan, kowa ya koma gida. In ya ja baya ya bar karan a tudu, to ya fara sauka ke nan, kuma ba zai komo ba sai in an sake yin wani hadarin. Da wannan ya yi aiki tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari, kuma ba a taɓa rasa rai a hannunsa ba.

Ban da ruwa, Idrisa matsoraci ne, kuma ba ya ɓoyewa. Yana tsoron allura, yana tsoron mota mai gudu, in ya hangi jandarma sai ya cire hularsa ko bai yi laifin komai ba. Asiya takan ce da za a maida duniya gulbi da mijinta ya zama soja.

Asiya ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma mace ce mai ƙarfi a da. Sanyin ƙashi ya fara mata a gwiwa, ya yi ta hawa. An kai ta likitar Gazawa, an kai ta Maradi, an sha ƙwayoyi, an sha sassaƙe, an yi tsaga. A shekarar da nake magana, 2022, ta kai ba ta iya miƙewa sai an ɗaga ta. Daga gidana nakan ji lokacin da take ja da gindi daga ɗaki zuwa madafa, tana hutawa tana salati.

Maganar teku Shu'aibu ne ya kawo ta, direban babbar motar da ke kai aya Kwatano. Wata yamma muna zaune a ƙofar gidana ya ce a wani gari da ake kira Wida, kusa da Kwatano, ya ga an binne ƙafafun wani tsoho cikin jiƙaƙƙen yashin bakin teku, gishirin ya zuƙe sanyin, tsohon ya tashi da ƙafarsa. Na tambaye shi ko ya ga tashin tsohon da idonsa. Ya ce binnewar dai ya gani, tashin kuwa yaron motarsa ne ya ba shi labari. Aka yi dariya, aka shiga wata hira. Idrisa bai yi dariya ba. Washegari tun kafin in tafi buro ya same ni, ya ce in kira masa Nasiru a waya.

Nasiru shi ne ɗansu na fari, yana sayar da aya da dabino a babbar kasuwar Kwatano. Ya ce Wida ba nisa, ana iya zuwa da safe a komo da yamma, ba sai an nemi wurin kwana ba. Matsalar ta taso daga Asiya. Wata jikarta ta taɓa nuna mata bakin teku a waya, mutane cunkus, maza da mata kusan tsirara suna kwance a yashi. Ta ce ita da a tone mata ƙafafu a gaban wannan taro gara ta mutu a ɗakinta da ciwonta. Idrisa ya yi lallashi, ya turo matata ta yi lallashi, ba ta motsa ba.

Nasiru ne ya samo mafita bayan ya yi tambaya a kasuwa. Ya ce taron nan na lokacin rani ne, da ƙarshen shekara da ranakun Lahadi. A watan Yuni kuwa damina ce a can, teku na fushi, masu rumfuna sun rufe, ba mai zuwa yawon shan iska. In aka zaɓi tsakiyar mako, mutum zai iya yini a wurin bai ga kowa ba. Da Idrisa ya ji haka har tafi ya yi, domin Yuni ta dace da shi ta ko'ina: an gama ƙaramar salla, babba ba ta zo ba, gulbi kuma bai isa kawowa ba. Asiya ta sa aka maimaita mata cewa ba kowa a wurin, sannan ta ce to.

Daga ranar tsoro ya shiga gidan. Mata suka riƙa zuwa sannu, kowace da abin da ta ji. Barira, tsohuwar da ke kitso, ta ce teku na da masu shi, ba su son jan tufafi, ba su son a nuna ruwan da yatsa. Wata ta ce ƙarar teku kan sa mai ciki ɓari. Wata ta ce ɗan ƙanenta ya je Ikko ya tsaya a bakin ruwa, tun daga nan bai sake magana daidai ba. Asiya ta fitar da duk zanen da ke da ja a jikinsa ta ajiye gefe. Ta raba tukwanen suyarta tsakanin ƴaƴanta mata, wai aro ne. Ta sa aka ɗauke ta a amalanke ta zaga dangi tana neman gafara.

Ranar da na kai musu katin ɗan ƙasa da na taimaka aka sabunta, Idrisa ba ya nan. Ta sa na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi ta juya katin a hannu.

"Sakatare, in mutum ya mutu a ƙasar wasu, wa ke rubuta shi?"

Na ce mata can ake rubutawa, a ba dangi takarda su kawo mana.

"To kai ba ka rubuta ni ke nan."

Na ce in sha Allahu ba wanda zai rubuta ta bana. Ta ce ita dai ta fi son hannuna, ta san ba na kuskuren suna.

Shi Idrisa nasa tsoron duk na hanya ne. Ya tambaye ni shingen jandarma nawa ne kafin Gaya, ko za su ce ya sauka, da wane harshe zai amsa. Allurar shawara da ake nema a iyaka sai da muka raka shi ni da Shu'aibu aka yi masa, ya rufe ido ya riƙe hannuna kamar yaro. Ya tambayi abincin mutanen can, ya sa aka yi musu dakuwa da garin fura mai yawa don kada su ci abin da ba su sani ba. Ya sa na rubuta lambar Nasiru a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a ɗaure a bakin zanen Asiya. Game da tekun kanta tambaya ɗaya na ji ya yi wa ɗansa, wai ta wane gefe ruwan yake gangarowa. Nasiru ya ce shi bai ga yana gangarowa daga ko'ina ba, kuma ba a ganin ɗaya gaɓar. Idrisa ya ce ashe masu fiton can yunwa suke kwana da ita. Abin da ya dage a kai shi ne a zaɓi ranar da ba hadari. Ya sa na riƙa duba masa yanayin Wida a waya kowace safiya. Ya ce wa Asiya a gabana ta bar masa zancen ruwa, ta ji da addu'ar hanya.

Suka tashi a farkon Yuni, da ƴar fartanya da laima da tabarma cikin kayansu. Daga Maradi suka shiga kar, babbar motar fasinja, ta Dosso da Gaya, suka ƙetare gada suka gangara kudu. Asiya ta ce tun daga tsakiyar hanya ƙasa ta koma kore har ta ji kamar ana matse ta. A Kwatano suka huta a ɗakin Nasiru. Daren da ya gabaci tafiyar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma gari ya waye tas. Idrisa ya fita ya dubi sama ta kowace kusurwa, ya ce a tafi.

Taksi ya kai su Wida, ya ratsa garin, ya bi wata hanya har inda ta ƙare, ya sauke su ya juya. Kafin su ga ruwan sun ji shi. Asiya ta ɗauka jirgin sama ne ke wucewa, ta yi ta jira ya wuce. Rumfunan bunu duk a rufe, kujeru a kife, itatuwan kwakwa na kaɗawa, ba mutum ko ɗaya. Nasiru ya goya uwarsa suka hau wani tudun yashi, sai ga teku a gabansu, toka-toka, tana tasowa kamar katanga tana faɗuwa. Asiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Nasiru ya ce ya ga gwiwoyin ubansa na rawa. Idrisa ya ce iska ce ke kaɗa wandonsa.

Bayan ya yi tsaye na wani lokaci sai ya kama aiki yadda ya saba. Daga tudun, yashin gangarowa yake yi sosai zuwa ruwa. Can sama, kusa da inda suke tsaye, ya ga layin shara, ciyayin ruwa da robobi da ɓawon kwakwa, a jere kuma da danshi. Ruwan kuwa yana can ƙasa nesa da layin. Wannan abu ne da ya gani sau ba adadi a gida. Ya ce ruwan daren jiya ne ya cika ta har nan, yanzu tana sauka. Ya tsinci wani reshen kwakwa, ya gangara ya kafa shi daidai inda igiyar ruwa mafi tsawo take kaiwa, ya komo ya tsuguna. Igiyoyin suka yi ta zuwa suna gazawa, ba wadda ta taɓa reshen. Ya ƙara jira, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa kada ya yarda da gani na farko. Ruwan ya ƙara ja baya.

Nasiru ya ce a nan ya yi magana. Ya gaya wa uban cewa ya taɓa jin masu aiki a tashar jiragen ruwa suna cewa tekun nan tafiya take ta komo.

"Da wane hadarin za ta komo?" in ji Idrisa, yana nuna masa sama.

Shekarun Nasiru a Kwatano daga ɗaki sai kasuwa, bai taɓa taka yashin teku ba sai ranar. Kuma wanda ke tambayarsa shi ne mutumin da duk ƙauye ke jira a kan maganar ruwa. Ya bar maganar. Uban ya ce ya ajiye uwarsa a kan tabarma ya koma gari ya nemo burodi da ruwan sha, kada kuma ya yi saurin dawowa, domin za a buɗe mata ƙafafu.

Shu'aibu ya ce jiƙaƙƙen yashi, don haka Idrisa ya zaɓi wuri ƙasa da layin sharar sosai, kaɗan sama da reshen da ya kafa. Ya haƙa rami mai zurfi da fartanya, ya yi masa ɗan dakali a ciki. Ya zaunar da Asiya a kan dakalin kamar mai zama a kujera, ƙafafunta a ƙasa, fuskarta na duban teku. Ya maida yashi har ƙugunta, ya bi da ƙafa ya danne shi da kyau, yadda ake danne gindin dirka, don gishirin ya shiga jiki. Ya kafa mata laima a gefe, ya ajiye fartanyar da takalmanta kusa da ita. Ya tambaye ta yaya take ji, ta ce sanyi. Suka zauna tare suna kallon ruwan, har ta saki mayafin ta fara tambayarsa ko duk wannan ba a sha.

Da azahar ta yi ya ce zai hau sama ya yi salla, domin ƙarar ruwan na rikita masa karatu. Ya haura tudun, ya gangara bayansa ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Daga nan ba a hango inda take. Ya idar, ya jingina da itace yana jan tasbaha. Shi ya ce bai yi barci ba, ido kawai ya lumshe. Amma mutum ne da ya yi doguwar tafiya a zaune, ya haƙa rami, ga inuwa ga iska, kuma Asiya ta ce rana ta karkata sosai kafin ta sake ganinsa.

Ta ce da farko kumfa ce ta zo ta lashi yashin da ke kan gwiwoyinta ta koma. Ba ta damu ba, ta ɗaga kai ta ga sama fes, kuma Malam ya ce ruwan sauka yake yi. Ta biyu ta jiƙa mata zane. Ta nemi reshen da ya kafa, ta gan shi tsakiyar ruwa, kansa kawai ke leƙowa, sannan ta daina ganinsa. Wata igiya ta zo ta kai mata cibiya, da za ta koma ta tafi da fartanyar da takalman. Ta yunƙura ta zare ƙafa, ta ji kamar an zuba mata siminti. Duk zuwan ruwa yashin ƙara kama ta yake yi. Ta tona da hannu, abin da ta tona ruwa ya maida.

Ta fara kira. Ba ta iya juyawa, don haka teku take yi wa kiran, ita kanta da ƙyar take jin muryarta. Asiya tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, Malam take cewa. Nasiru ma ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, Mai Kwatano take ce masa. Ta yi ta kiran Malam, ta yi ta kiran Mai Kwatano, laima ta tumɓuke iska ta yi gaba da ita. A nan maganarsu ta saɓa. Idrisa ya ce abin da ya tashe shi sunansa ne, Idrisa, da muryarta. Ita ta ce sam, Malam ta ce, sai sunan Allah. Na tambaye su a lokuta daban, ba wanda ya canza.

Da ya hau tudun ya hango ta, ruwa na janyewa daga ƙirjinta. Ya gangara da gudu ya faɗi a gabanta yana tona da hannu biyu. Ya kai cinyarta, igiya ta zo ta watsar da shi gefe, ta cike ramin ta shafe kamar ba a taɓa ba. Ya kama ta ta hammata ya ja, ta yi ƙara, ya saki. Ya sake tonawa. Farcensa ya fita bai sani ba. Ya ce a tsakanin igiya da igiya ya ɗaga kai ya dubi sama yana neman hadarin da ya kawo wannan, bai ga ko gajimare ba. Sai idonsa ya sauka a kan layin sharar nan, can sama da su. A lokacin ya gane ba ruwan jiya ne ya ajiye ta ba, can ruwan yake nufa yanzu. Ya auna da ido, irin aunin da ya yi duk rayuwarsa, ya ga layin ya fi kan Asiya tsawo.

Ya daina tona. Ya durƙusa tsakaninta da teku, ya ba ruwan baya, ya rungume kanta a ƙirjinsa. Ya ce in ya matsa kafaɗarta ta riƙe numfashi. Igiya ta rufe su duka biyu, ta janye, suka yi tari. Wata ta zo.

"Malam, ka yafe mani," in ji ta. "Ka tashi ka hau. Kada yaron nan ya koma gida shi kaɗai."

"Rufe bakinki, ga wata nan."

Laimar ce ta jawo mutane. Can gaba da rumfunan akwai bukkokin masunta, wani tsoho da mata biyu suna gyaran raga a bayan jirginsu. Suka ga laima na birgima a yashi ba mai ita, ɗaya matar ta hau tudu ta duba, ta ƙwala ihu. Suka zo da gudu, tsohon riƙe da itacen tuƙin jirgi. Ba mai jin harshen wani. Tsohon ya soka faffaɗan bakin itacen cikin yashi a gefen ƙafar Asiya yana girgiza shi, matan suka kama ta ta hammata. Idrisa ya ga ruwa ya janye, ya ce su ja yanzu, suka ƙi. Ya kai hannu zai ja da kansa, ɗaya matar ta buge masa hannu. Jira suke ruwan ya zo. Da igiyar ta rufe su, yashin ya saki ya zama kamar kunu a inda itacen yake motsi, a lokacin suka ja. Ƙafar hagu ta fito. Suka jira ta gaba, Asiya ta shaƙi ruwa, kanta ya langaɓe. Suka ja, ta dama ta fito, Idrisa ya ce ya ji ƙarar gwiwar duk da rurin teku. Suka ja ta a yashi har bayan layin sharar. Zanenta ya tafi, ɗaya matar ta kwance na samanta ta rufa mata, suka kifa ta suna danna bayanta har ta amayar da ruwa ta buɗe ido.

Nasiru ya komo da burodi, ya hau tudun, ya ga ruwa na birgima a daidai inda ya bar iyayensa, ba rami ba tabarma ba kowa. Ya ce bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Wani masunci ne ya taɓa shi ya nuna masa bukkokin. Ya tarar da uwarsa kwance kusa da wuta tana rawar sanyi, ubansa zaune a bakin ƙofa hannuwansa na jini. Da ɗan Faransancin kasuwa da yake ji ya fassara abin da tsohon ke ta faɗa cikin faɗa: ruwan nan yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba, kuma ba a binne mutum ƙasa da layin shara. Idrisa ya sa a tambaye shi ko kullum yake nufi. Tsohon ya ce kullum, tun kafin a haifi kakansa. Idrisa ya tambayi mi ke kawo shi. Tsohon ya nuna sama ya yi wata magana game da farin wata, Nasiru bai iya fassarawa ba.

Sun daɗe a Kwatano fiye da yadda aka shirya, domin ruwan ya taɓa ƙirjin Asiya, gwiwar kuma sai da aka ɗaure ta a asibiti. Sun iso gida ana noman farko. Mata suka cika gidan, Barira ta ce ai ta faɗa, ta tambaya ko akwai ja a jikin laimar. Idrisa bai bar kowa ya ɗora wa aljanu ba. Duk wanda ya zo sannu sai ya gaya masa shi ya zaɓi wurin, shi ya haƙa, shi ya danne.

Gulbi ya kawo a watan Agusta. Mutane suka taru a gaɓa ranar kasuwa, aka aika aka kira shi. Ya zo da gorunansa, ya dubi sama, ya kafa kara, ruwa ya ja baya ya bar karan. Aka tambaye shi ko a shiga. Ya ce bai sani ba. Aka ɗauka wasa yake, aka sake tambaya, ya sake cewa bai sani ba. Ranar buhuna kawai ya yarda ya ƙetare da su, kuma haka yake yi har yanzu. Mutane Mumuni ɗan ƙanensa ke ɗauka.

Asiya tana nan da ranta. Ƙafar dama ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan, ta hagu tana yadda take a da, ta karɓo tukwanenta tana suya daga zaune. Ban taɓa jin ta ɗora masa laifi ba. Zaman ƙarshe da na yi da ita kan wannan magana, da na gama tambayoyina ina shirin tashi, ta leƙa ta tabbata ba ya tsakar gida, ta rage murya. Ta ce akwai abin da ba ta gaya masa ba. Tun daga lokacin da ya danne yashin har zuwan kumfar farko, ba ta ji ciwon komai ba, daga ƙugu har yatsu, irin sauƙin da ta manta da shi shekaru. Ta ce tana tsoron in ya ji zai fara zancen komawa, kuma tana tsoron in ya tambaye ta, ba ta san ko za ta ce a'a ba.